Wayar da Ke Kuka da Azahar

Asabar, 9 ga Afrilu 2016, ƙarfe bakwai na safe

Iska: daga gabas, matsakaiciya. Mita: babu wuta a layi tun jiya.

Littafin nan na awon iska ne da ƙarfin wuta. Shekara biyu ban rubuta komai a cikinsa ba sai lambobi. Yau zan ƙara da magana, don in wani ya zo gobe da tambaya ya tarar da amsa da hannun mai abu.

Ni ne Bilyaminu mai rewaya, wato mai sake naɗa wayar inji in ta ƙone, na Tungar Marke a ƙasar Gummi. Injinan iska ukun da ke tudun bayan gari nawa ne. Ni na yanka farfelarsu, ni na naɗa wayar cikinsu, ni na kafa su, ni na haɗa su da layin kamfanin wuta ta inbata uku, na'urorin da ke daidaita wutar inji da ta layi, waɗanda na sayo a Kano. A aji uku na sakandare na tsaya. Babu wanda ya ba ni takarda. Mutane sunka ga aiki, sunka ce Injiniya.

Jiya muna cikin sallar Juma'a wuta ta hau ta sauka, ta hau ta sauka, sannan ta hau ba ta sauko ba. Ƙwan fitila ya fashe gida-gida. A gidan Makau firiza ta kama da wuta. Maza duk muna masallaci. Matarsa Habsu, mai sayar da ƙanƙara, ta shiga ɗakin don ta zare waya daga bango. Zanenta ne ya fara kamawa.

An kai ta Gummi, daga can anka wuce da ita Sakkwato.

Makau abokina ne tun muna iyo a gulbi tsirara.

Wayar kamfani ta tsufa, kowa ya sani. Mu ne wutsiyar layi, kilomita ashirin da wani abu daga Gummi. Aikina ba shi da aibi.

Asabar, bayan La'asar

Na duba injinan duka uku. Lafiya lau.

Lahadi, 10 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya

Samari sun tare Nafi'u a bakin kasuwa. Shi ne ma'aikacin kamfani mai kula da layinmu, mai hawa falwaya. Sun kayar da shi daga kan babur, sun fasa masa baki. Cewa suke shi ya yi haɗin banza. Na iso ana jan sa a ƙasa, na daka musu tsawa sunka sake shi. A garin nan in na yi magana ana ji.

Yana tofar da jini ya kama rigata ya ce, “Baba Injiniya, kai ka san wuta. Hwaɗa musu ban taɓa komai ba wanga wata.”

Na ce masa ya je ya wanke bakinsa.

Kafin in kafa injinan nan, ƙwan fitila a Tungar Marke ja yake kamar garwashi. Fanka sai ka tura ta da yatsa. Wa ya gyara? Su masu takardu sun zo sun duba sau nawa? Ni ɗan mai fito, wanda ubana ya mutu bai mallaki komai ba sai jirgin ruwa na icen kuka da sanda, ni na sa ruwan sanyi ya shigo garin nan a tsakiyar bazara. A rubuta wannan ma.

Talata, 12 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

An maido da wuta. Na haɗa injinana da layi. Mita: 221. Allura tsaye cak.

Ga shi nan.

Laraba, 13 ga Afrilu, ƙarfe biyu da kwata

Iska: mai ƙarfi.

Kukan ya dawo.

Ba zan ɓoye ba, ba yau ya fara ba. Tun wajen tsakiyar watan jiya nake jin sa. Wayar da ke kan falwaya takan ɗauki wani gunji, ƙasa-ƙasa, kamar sa a ɗaure a nesa, yana kumbura yana sacewa. Allurar mita ta dinga lilo, 200, 240, 190, 255. Minti goma, sha biyar, sai ya lafa da kansa.

Yau ana kiran Azahar ya fara. Muna alwala a ƙofar masallaci wani dattijo ya ɗaga kai ya ce waya ma tasbihi take. Mai nama ya ce, “Tasbihi ina? Iskokin Injiniya na. Ka tara iska uku bisa tudu, ka ce ba su magana?”

Anka yi dariya. Ni ma na yi. Na ce iskokina Musulmi ne, shi ya sa suke amsa kiran salla.

Da na shiga sahu ban san surar da na karanta ba.

Alhamis, 14 ga Afrilu, da hantsi

A kowace inbata akwai wurin da ake saita saurin amsawarta: in wutar layi ta yi ƙasa ta ƙara, in ta yi sama ta rage. Daga kamfani a kan huɗu suke zuwa. Watan jiya na kai su bakwai. Yau na kai su tara.

Hankali ne kawai. In wuta tana rawa, mai gyaran ne ke jinkirin amsawa. A gidana ba a kiran mutum sau biyu, haka na tarbiyyantar da 'ya'yana, haka nake son ƙarfena. Abin da ya ji kira ya amsa nan take.

Alhamis, ƙarfe biyu da minti ashirin

180. 268. Ƙwai biyu sun fashe a shagon tela.

Ƙila waya ce ta saki a wani wuri.

Juma'a, 15 ga Afrilu, bayan saukowa daga masallaci

Iska: babu. Ko ganye bai motsa ba. Farfela tsaye.

Liman ya yi wa Habsu addu'a. Duk tsawon huɗuba kunnena na waje. Shiru.

Maimunatu, maiɗakina, ta ce tun Asabar ba na cin rabin tuwona. Na ce zafi ne.

Lahadi, 17 ga Afrilu, bayan La'asar

Jiya na je Sakkwato. Na dawo ɗazu.

Makau na zaune a gindin wata darbejiya a harabar asibiti, a kan kwali. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Da ya gan ni ya tashi ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ƙi saki.

Ya ce, “Bilya, ka zaka.”

Na ce, “To da wa zai zo?”

Ya ce tana magana kaɗan-kaɗan. Ya ce abin da ta fara tambaya da ta farfaɗo, wai ko firizar za ta gyaru. Ya yi wata dariya mai kama da tari. “Na ce mata, ke dai warke, Bilya na nan. Abin da Bilya bai tasar ba sai gawa.”

Firizar nan ni na sa ta saya. Ni na ce mata, Habsu, muddin iska na kaɗawa a Tungar Marke ba za ki rasa ƙanƙara ba. Tana tsokanata da cewa in iskar ta ƙare sai in hau tudun in dinga hurawa da baki, tunda bakin nawa ba ya gajiya da yabon kai.

Makau ya ce in shiga in gan ta. Na kai ƙofar ɗakin. Akwai wari. Na ga gidan sauro da ƙafa ɗaya a naɗe. Na ce masa barci take, kada a tashe ta.

Ba barci take ba. Na ji ta ce, “Wa ne na?”

Litinin, 18 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Muhsina ta bugo waya daga Gusau. Ɗiyata ce ta uku, ita ce ta yi karatun lantarki a Zariya, yanzu tana koyarwa. Ni na fara ɗora mata filaya a hannu tana shekara bakwai.

Ta yi jaje, sannan ta fara tambaya. Wane lokaci abin ya faru? Akwai iska ranar? Wutar ta yi tsalle ɗaya ne ko lilo ta dinga yi? Inna ta ce wai waya na kuka, tun yaushe?

Sai ta ce, “Baba, ka ƙara wani abu a layin kwanan nan?”

Na ce, “Ke, ni kike wa jarrabawa?”

Ta ce, “A'a Baba, Allah ya huci zuciyarka. Ina dai roƙon ka cire injinan daga layi har in zo.”

Na ce in na cire su garin ya koma garwashi, a wanga zafi, da masu jego da tsofaffi. Na ce karatun littafi daban, ƙarfe daban. Na kashe wayar.

Ban gaya mata zancen akwatin ba. Kondansa goma sha biyu ne kawai, 'yan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, a akwatin ƙarfe bayan ƙofar ɗakin wuta. Na sa su ranar sha huɗu ga watan jiya don su ɗaga wutar layi, sun kuma ɗaga. Kowane mai rewaya ya san aikin kondansa. Ba sai na nemi iznin kowa ba.

Litinin, ƙarfe biyu da kwata

Ya yi kuka. Minti goma sha biyu.

Laraba, 20 ga Afrilu, da yamma

Maigari ya tara mutane a zaurensa: dattawa, ɗan sanda ɗaya, da wani babba daga ofishin kamfani mai ɗauke da fayil. Nafi'u na tsugune a gefe, leɓensa a kumbure har yanzu. An dakatar da shi daga aiki.

Maigari ya ce, “Injiniya, mu ba mu san harshen wuta ba. Kai ka hwaɗa muna. Mi ka sa wuta ta hau haka?”

Na ce, ranka ya daɗe, akwai waya ta huɗu a layi, wadda ke daidaita sauran. In ta katse ko ta saki a gindin taransifoma, wuta takan taru a wasu gidaje ta ƙone kaya. Na ce abu ne sananne.

Gaskiya na faɗa. Yana faruwa. Duk wanda ya san aiki zai shaida.

Babban ofishin ya gyaɗa kai ya rubuta. Ya ce duba wannan wayar aikin Nafi'u ne. Ɗan sandan ya ce to Nafi'u zai bi shi Gummi.

Nafi'u ya ɗago kai. Ni kawai yake kallo. Da za su fita ya ce, “Baba Injiniya, na gode.” Ban san da wace ma'ana ba.

Ban ce wayar ta katse ba. Cewa na yi in ta katse. A lura da wannan.

Alhamis, 21 ga Afrilu, da sassafe

Na je gindin taransifoma ni kaɗai na duba wayar ta huɗu.

Na duba.

Juma'a, 22 ga Afrilu, ƙarfe uku

Iska tun safe kamar za ta cire rufin kwano. Amma kamfani ya ɗauke wuta tun ƙarfe goma, kuma inbata ba ta aiki in layi ya mutu.

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Mutum bai kamata ya yi godiya don an ɗauke wuta ba. Ban san abin da ya same ni ba.

Asabar, 23 ga Afrilu, ƙarfe goma

Dije, matar Nafi'u, ta zo gidana da goyo. Ta durƙusa a tsakar gida wajen Maimunatu, ta ƙi hawa tabarma. An ba da belin mijinta, amma an ce in mai jinyar ta cika za a sake kama shi, magana ta koma ta rai.

Ta ɗaga murya don in ji daga ɗaki. “Inna, ki roƙa muna Baba. Shi ɗai ka iya hawa shi duba. In wayar ta katse mun yarda da ƙaddara. Shi dai duba.”

Maimunatu ta shigo ta tsaya a kaina. “Malam, ka ji.”

Na ce na ji. Na ce a ba ta hatsi.

Ta ce, “Ba hatsi taz zaka nema ba.”

Shekara talatin da biyu ba ta taɓa maida mini magana ba.

Lahadi, 24 ga Afrilu, ƙarfe biyu da minti goma

Kuka.

Litinin, 25 ga Afrilu, ƙarfe biyu da kwata

Kuka. Na maida saitin bakwai. Ya ragu, bai daina ba.

Na koma baya na karanta littafin nan daga tsakiyar watan jiya. Duk inda na rubuta allura ta yi lilo, lokacin ɗaya ne: biyu da minti goma, biyu da kwata, biyu da minti ashirin. Sau uku da La'asar. Da safe babu, ko da iska ta fi haka ƙarfi.

Me waya ta sani game da salla?

Talata, 26 ga Afrilu

Aikina ba shi da

Laraba, 27 ga Afrilu, bayan Azahar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da asuba Habsu ta cika. An kawo ta gida, mun kai ta da hantsi. Ni da Makau da ƙaninta munka shiga kabarin. Ba ta da nauyi.

Da munka dawo ana zaman makoki a ƙofar gidansa, ladan ya kira salla, waya ta ɗauka a bisa kanmu. Kowa ya yi kamar bai ji ba. Makau ya ɗaga kai ya dube ta, ya daɗe.

Ɗan sanda ya zo ya tafi da Nafi'u.

Alhamis, 28 ga Afrilu, bayan La'asar

Muhsina ta zo ta'aziyya. Daga gidan Makau ba ta ko cire mayafi ba ta ce in ba ta mabuɗin ɗakin wuta. Na ce ni zan buɗe.

Mun shiga wajen ƙarfe biyu saura. Ta dubi inbata ta ga bakwai. Ta rufe ƙofa don ta jingina, ta ga akwatin. Ta ƙirga kondansan da ido.  Ta zauna a kan benci ta ɗora mita a cinya, ta ce mu jira.

Daga tudun ana jin gari duka: injin niƙa na bakin kasuwa, na unguwar yamma, na gidan maigari, da injin mai walda. Ladan ya kira. Na kasuwa ya yi shiru. Na yamma ya bi. Mai walda ya kashe. Na ƙarshe bai gama tsayawa ba allura ta motsa.

Shekara biyu ina zaune a kan tudun nan ina jin tsayuwarsu, ban taɓa haɗa ta da motsin allura ba.

Ta ce, “Baba, doguwar waya da kondansa in sun haɗu, wuta takan dinga kai da komo tsakaninsu, kamar lilo, da nata bugun. In ba a tura ta ba za ta mutu da kanta. Injinan niƙa da walda su ne hannun da ke riƙe igiyar. Suna aiki, suna shanye rawar. Da an tafi salla an saki igiya.”

Na ce to ai don haka na sa inbata su gyara da sauri.

Ta ce, “Su ne masu turawar. Kowace ta ga wuta ta yi ƙasa ta ƙara, su uku a lokaci ɗaya, kafin ƙarin ya isa wutar ta riga ta juyo sama. Sai su rage tare, bayan ta riga ta juyo ƙasa. In iska na da ƙarfi, turin na da ƙarfi.”

Na ce wannan zancen allo ne.

Ta dube ni. Tun tana ƙarama ba ta kallon idona, yau ta kalla. “Baba, kai ka ba ni labarin Kaka. In jirgi ya fara tangaɗi a tsakiyar gulbi, mi yake ce wa mutane?”



Na san abin da yake cewa. Ina jin muryarsa har yanzu, da sanda a hannu, da ruwan damina ja wur. Kowa shi zamna yadda yake! Kada wanda ya gyara! Domin in jirgi ya karkata dama, kowa sai ya zuba hagu don ya taimaka, ya wuce, su zuba dama, sau uku jirgi ya kife. Ya taɓa marin wani attajiri a tsakiyar ruwa don ya yi saurin gyara zama. Masu son taimako su ke kifar da jirgi, ina shekara tara na san wannan.

Allura na lilo a cinyarta. 185. 262.

Ta ce, “Ranar Juma'a babu inji ko ɗaya da ke aiki a garin nan, awa guda cur. Rannan saiti nawa ne?”

Na ce bakwai.

“Iska?”

Na buɗe littafi na nuna mata. Da hannuna na rubuta: mai ƙarfi ƙwarai.

“Wayar ta huɗu fa? An ce kai ka ce ta katse.”

Na ce ban ce ta katse ba.

“Ka duba?”

Na duba ranar Alhamis waccan, kwana ɗaya bayan zaman zauren maigari. Ɗaure take tam, da sabon kusa, babu ko tsatsa. Aikin Nafi'u ne, mai kyau. Yau na fara faɗa da baki, yanzu na rubuta.

Ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe ta ce, “Gobe Juma'a, Baba.” Ta ajiye mitar a bencin ta sauka gari.

Juma'a, 29 ga Afrilu, ƙarfe shida da rabi na safe

Iska: mai ƙarfi ƙwarai. Hadari a gabas.

Na raba injinan da layi. Na sa musu birki ɗaya bayan ɗaya, farfela ta yi ta gardama kafin ta tsaya. Na kwance akwatin daga bango.

Daga nan ina iya tsayawa. Kuka ba zai sake dawowa ba. Mutane za su ce iskokin sun yi ƙaura, su yi dariya, a wuce wurin. Muhsina ba za ta tona ubanta ba. Ana iya cewa injinan gyara suke so.

Na zauna a kan akwatin ina wannan tunanin har rana ta ɗaga. Ba zan yi ƙarya a littafina ba: tunanin ya yi mini daɗi.

Juma'a, bayan La'asar

Na ɗaura akwatin a bayan babur na kai ƙofar gidan Makau kafin a tafi masallaci. Mutane cike a kan tabarmi, yau kwana uku. Na ce ina son ganin sa a zaure. Ya taso.

Na ajiye akwatin a gabansa na buɗe. Ya ce, “Mi ne na wanga, Bilya?”

Na gaya masa. Ban iya irin bayanin Muhsina ba, na faɗa da nawa bakin: ni na sa waɗannan, ni na murɗa saiti, su sunka haukata wutar, Nafi'u bai yi komai ba. Na ce ban yi da nufi ba. Na ji kaina ina cewa don garin na yi, don wuta ta ƙaru, don irin su firizar, sai na yi shiru.

Ya daɗe yana kallon kondansan. Ya sa yatsa ya taɓa ɗaya.

Ya ce, “Wagga Allah ya ƙaddara. Kwananta ya ƙare. Ba wannan nika tambaya ba.” Ya ɗago. “Yaushe ka sani?”

Na ce jiya Muhsina ta tabbatar.

“Ban ce ta tabbatar ba. Ran da ka zaka Sakkwato, na riƙe hannunka, ta ce wa ne na, ka juya. Ka sani?”

Na so in ce a'a. Akwai hanyar da a'a za ta zama gaskiya, irin ta zauren maigari.

Na ce, “Ina zato.”

“Kana zato. Ka bar su suna juyi. Da ɗiyan mutane a ƙarƙashin waya.”

Na ce, “Na bar su.”

Ya rufe akwatin a hankali, kamar mai rufe kwanon abinci. Ya ce, “Ɗauki kayanka. Tahi Gummi ka fiddo yaron mutane. Matarsa na nan cikin gida tana taya mu daka, alhali mijinta na tsare saboda matata.”

Na ce, “Makau.”

Ya koma kan tabarmarsa.

A Gummi na yi sallar Juma'a, a sahun baya. Daga nan na wuce wurin 'yan sanda da akwatin da littafin nan. Sun karanta shafukan da na nuna, sun rubuta bayanina, na sa hannu. Wanda ke rubutun ya tambayi sana'a. Na ce mai rewaya. Ya ce ba kai ne Injiniya ba? Na ce ya rubuta mai rewaya.

Sun riƙe akwatin. Sun ce in dawo Litinin da mai tsaya mini.

Asabar, 30 ga Afrilu, da hantsi

An saki Nafi'u. Ya wuce ta ƙofar shagona a bayan babur ɗin wani. Ya sa aka tsaya. Na zaci zagi ne, na miƙe don in karɓa a tsaye.

Ya ce, “Baba, wayar ta huɗu, ka ga ɗaurin?”

Na ce na gani. Na ce ko ni ba zan ɗaura fiye da haka ba.

Ya gyaɗa kai ya ce wa mai babur su tafi.

Talata, 3 ga Mayu, da yamma

Gari ya sani. Mai nama ya daina wasan iskoki. Babu wanda ya tare ni a kasuwa, babu wanda ya fasa mini baki. Gaisuwa ce ta gajarce. Magana na gaban hukuma, an ce sai an kira.

Muhsina ta koma Gusau. Ta ce in an cire kondansa, an maida saiti huɗu ko ƙasa, an kawo masu awo sun gwada layin yadda ya kamata, injinan za su iya aiki lafiya wata rana. Na ce mata mabuɗin na wurin Innarta.

Fanka ta koma sai an tura da yatsa. Babu ƙanƙara a garin.

Juma'a, 6 ga Mayu, ƙarfe uku

Iska: mai ƙarfi. Farfela a ɗaure. Mita: 164.

An kira salla, injinan niƙa sun tsaya, waya ba ta ce komai ba.

Da aka sallame na hango Makau yana neman takalminsa a ƙofar masallaci. Ƙafa ɗaya ta shige ƙarƙashin tabarma, na ga inda take. Na ciro na ajiye a gabansa. Ya sa.

Na ce, “Makau.”

Ya gyara hula.

Na sake cewa, “Makau.”

Ya bi hanyar maƙabarta, a hankali, iska na kaɗa masa riga. Na tsaya a wurin har masallaci ya watse. Ban kira na uku ba.